Wa ke leƙen, mai karatu ko mai rahoto?

Wani malamin harshe da nake girmamawa ya yi rubutu yana kare 'yan jaridar da ke fassara kalmar Turanci glance da "leƙa". Hujjojinsa uku ne. Malam, Allah ya gafarta, ban gamsu da ko ɗaya ba.

Ka ce ma'anarsu ɗaya, wato gajeren kallo. Sai in ce gajarta kawai ta haɗa su. Mai leƙe yana waje, akwai katanga ko taga tsakaninsa da abin da yake kallo, sau da yawa ma ba ya son a gan shi. Daga nan muka sami leƙen asiri, muka sami "ta leƙo ta koma". Bahaushe bai talauce a fannin ido ba: yana hange, yana waiwaye, yana satar kallo, yana ƙyalla ido, yana harara, in raini ya zo ya yi kallon hadarin kaji. Wanda ya tattara waɗannan duka ya cusa a buhu ɗaya ya yi wa harshe kwange.

Ka ce jaridun Turanci kan sa at a glance a saman ɗan akwatin bayani, don haka "mu leƙa" ya wadatar. Nan ne babban kuskuren, kuma nan zan daɗe. A Turancin jarida mai karatu ne ke yin gajeren kallon. Ɗan jarida ya riga ya ƙura wa labarin ido, ya tace, ya tsamo sunaye da alƙaluma ya jera, don mai gaggawa ya fahimta da kallo ɗaya. Hausar wannan tana nan tun tuni: "a taƙaice". Amma da zarar an rubuta "wakilinmu ya leƙa Wara", ido ya sauya mai shi. Yanzu wakilin ne ya yi kallon tsoro ya juya, ya kuma faɗa da bakinsa.

Mu mutanen bakin tafkin Kainji mun san wannan leƙen. Ranar Laraba 26 ga Mayu 2021 jirgin ruwa ya nutse da fasinjoji kusa da Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski. Wasu kafafe suka ce mutum 160 ne a ciki, wasu suka ce 180. Aka yi 'yan kwanaki ana kiran sunanmu a rediyo. Nawa ne cikin masu rahoton suka tsaya suka tambayi matuƙa game da kututturan itatuwan da ruwa ya haɗiye tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968? Nawa ne suka tambayi dalilin da ya sa ɗan kasuwa ke gwammace jirgi mai lodin wuce kima a kan hanyar mota? Gungawa da Kambari da sauran waɗanda aka tasa daga tsibirai da gaɓar kogi saboda madatsar, mutum fiye da 40,000, suna da amsa, sai dai ba amsar da ake ba wanda ke tsaye a bakin ƙofa ba ce. Mako uku bayan haka, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Aka sake leƙowa. Wasu daga cikin 'yan matan ba su kuɓuta ba sai 2023, kuma a tsakanin nan iyayensu ne suka fi kowa riƙe maganar.

Ta ukun ka ce mai karatu a waya ba shi da lokaci. Gaskiya ne, ni ma haka nake karatu in ina jiran jirgi ya cika. To amma wannan hujja tawa ce, ba taka ba. Ƙarancin lokacin mai karatu shi ke wajabta wa marubuci yawan zama. Tun da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, da Abubakar Imam a kujerar edita, aikin ke nan: wani ya sha wahalar bincike, wani ya karanta cikin sauƙi.

Abu ɗaya na sallama maka. In wakili ya shiga kasuwar Yauri ya ga farashin kifi ya fito cikin rabin sa'a, ya rubuta "na leƙa", bai yi ƙarya ba. A bar masa kalmarsa. A saman akwatin bayani kuwa, Malam, a rubuta "a taƙaice".