Raddi Ga Masu Ɗora Wa Ɗan Kasuwa Laifin Rowar Bankuna

Bashin da bankunan Najeriya ke ba 'yan kasuwa da masana'antu bai kai kashi 20 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba, alhali a Kenya yana wajen kashi 30, a Afirka ta Kudu ya haura 50. Wasu masana sun ce laifin mai neman rancen ne, sun kafa hujja uku. Ga amsarsu.

Ta farko, wai talaka ba ya biyan bashi. To, su wa suka durƙusar da bankuna a 2009, har gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya tuɓe shugabannin bankuna biyar a watan Agusta, ya zuba naira biliyan 420? Manyan masu cinikin hannun jari ne da dillalan man fetur. Mai tumatir a kasuwar Farin Gada ta Jos kuwa kullum kan amana take ɗaukar kaya, ta sayar, ta kawo kuɗin, domin ranar da ta saɓa alkawari kasuwarta ta mutu.

Ta biyu, wai ba shi da jingina. Manomin dankalin Turawa a Bokkos ta Jihar Filato yana da gona ta gado, takardar mallaka ce da Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa a hannun gwamna take gagarar sa. Kuma tun 2017 doka ta halatta jinginar kayan da ake ɗauka, kamar injin ban ruwa da dabbobi. Me ya hana a karɓa?

Ta uku, wai mutanenmu na gudun rance saboda kuɗin ruwa. Gudun riba gaskiya ne, amma bankin Jaiz yana aiki tun 2012 ba tare da ruwa ba, jama'a kuma sun rungume shi. Ƙofa ce ta yi kaɗan.

Ainihin cutar tana sama. A 2024 Babban Banki ya riƙe rabin ajiyar bankuna a wurinsa, ya kai ma'aunin ruwa kashi 27.5. Gwamnati kuma tana cin bashi da ruwa mai tsoka, ba fargabar asara. Wane banki zai bar wannan ya bi manomi Mangu? Tun da Lion Bank na Filato ya narke cikin Diamond a 2005, hukuncin rancen Jos ya koma Legas.

Mafita ita ce gwamnati ta rage wawurar kuɗin bankuna, Filato ta sauƙaƙa takardar fili, a ba manajojin rassan bankuna na Jos ikon amincewa da rance. In an yi haka manomi ya ƙi biya, sai a zarge shi.