Gani Ya Kori Ji: Zaga Unguwannin Masu Sana'a a Birnin Kano

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, da ku malamanmu, muna so mu kawo muku wata magana wadda ta tsaya mana a rai tun ran da muka komo daga hutu. Mu biyar ne 'yan aji na ƙarshe muka haɗu a Kano, ran wata Asabar da sassafe, muka biya wani saurayi ɗan jagora ya zaga da mu cikin birni da ƙafa, tare da waɗansu baƙi uku masu yawon buɗe ido. Biyu daga cikinmu a Kano aka haife su, nan suka yi makarantar allo, amma kafin azahar sai da suka yarda su ma baƙi ne a garin ubansu. Ra'ayin da muka komo da shi ke nan: irin wannan zagaye darasi ne babba, ya kamata kowane malami ya iya shirya shi, kuma 'ya'yan gari su suka fi kowa cancanta da shi. Amma fa yana da sharuɗɗa, in an yar da su sai ya koma ɓarna.

Daga Ƙofar Mata muka fara, gama nan karofi ya ke, daf da ƙofar. Masu wurin suna cewa tun 1498 a ke rini a nan. Muka yi sallama, muka ce wa wani dattijo, "Sannu da aiki, Baba." Ya amsa, ya ce, "Ku matso, samari, amma ku lura da rigunanku." Ya nuna mana yadda a ke kafa rini: a cika rijiyar da ruwa, a zuba baba da toka da katsi, a bar su kwanaki suna ruɓa, ana motsawa da doguwar muciya har kumfa ya taso. Sa'an nan ya tsoma farin ƙyalle, ya ɗaga. Sai muka ga ya fito kore! Kafin mu rufe baki ya fara juyewa shuɗi a gaban idonmu, domin iska ita ke juya launin. Haka marini zai yi ta tsomawa yana ɗagawa, gwargwadon duhun da mai kaya ya ke so. Sau nawa muka karanta aikin iska a littafin kimiyya? Ba mu taɓa gane shi kamar yadda muka gane shi a hannun wannan tsoho ba.

Kusa da nan muka ji ƙarar bugu, muka shiga wata rumfa muka tarad da 'yan bugu zaune, sun ɗora zane bisa gungumen itace suna dukansa da mabugi bi da bi, har ya yi sulɓi. Wanda a ke so ya yi walƙiya, irin rawanin nan ɗan Kura da Buzaye ke so, sai a shafa masa shuni a buga shi ciki. Dattijon nan kuma ya gaya mana wani abu da ba mu sani ba. In rini ya mutu akan kwashe lakar da ta kwanta a gindin rijiya, a shanya, a ƙona, ita ce katsi. Magina sukan saye ta, su gama da gashin da majema suka kankare daga fata, da dafara, su yi laso, watau simintinmu na da, wanda a ke shafe soro da shi don kada ruwa ya ci shi, da shi kuma a ke shafe cikin rijiyar rinin kanta. Ashe marini da majemi da magini duk abu guda su ke ci, sharar wannan ita ce jarin wancan.

Da muka tashi sai muka miƙe yamma, muka wuce babban masallaci da gidan sarki, wanda a ke kira Gidan Rumfa da sunan Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) da ya gina shi. Muka leƙa Gidan Makama, inda aka ce ya zauna kafin ya hau gado, yanzu kuwa gidan ajiye kayan tarihi ne. Daga nan muka kutsa lunguna. Sunayen unguwanni kaɗai sun isa darasin yini guda. Soron Ɗinki da Dukawa suna gaya maka aikin mutanensu. Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Ayagi suna gaya maka inda kakannin masu su suka fito. Dandalin Turawa kuwa, mu duka mun zaci na Ingilishi ne, sai ga shi Larabawan arewacin Afirka ne masu fatauci ta hamada suka zauna nan, su a ke ce wa Turawa tun Nasara bai zo ba.

Muka ƙare a Kasuwar Kurmi, wadda ita ma Rumfa ya kafa. Clapperton Bature ya shige ta a 1824. Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya zo a 1851, ya rubuta cewa tufafin da a ke saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa Tarabulus da Tambutu. Fatar jan akuya da aka jeme da bagaruwa a ƙasar nan ta kan haye hamada, mutanen Turai su saye ta daga baya suna kiranta fatar Maroko. Yau ma dukawa na nan a rumfunansu suna yanka suna ɗinki, ga masu sirdi da linzami, ga masu ƙwarya mai zane.

To, don me muka nace a kan ƙafa? Domin mai mota babbar hanya ya ke bi, sana'a kuwa a lungu ta ke. Mai tafiya ƙasa shi ke jin warin marina da ƙarar mabugi, shi ke ganin zanen dagi a goshin tsohon zaure, shi ke iya tsayawa ya yi gaisuwa ya yi tambaya. Kuma da ƙafa mutum ke gane kusancin karofi da kasuwa da fada, ya ga dalilin da ya sa kowane ya zauna inda ya ke. Jagora kuwa tilas ne, gama da ɗan gari a kan ci gari.

Amma kada mu ɓoye muku aibin da muka gani. Na farko, mu da baƙin nan mun ba jagora kuɗi mai kauri, dattijon da ya tsaya ya bar aikinsa ya koya mana kuwa ko sisi bai samu ba, sai da muka koma da kanmu muka sayi ƙyalle biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. In haka za a riƙa yi, wane ɗan marini ne zai yarda ya gāji ubansa?

Na biyu, ƙarya don a burge baƙo. Jagoranmu ya ce wa baƙin wai ruwan wata rijiya ba a taɓa sāke shi ba shekara 500. Dattijo ya yi murmushi ya kau da kai, ga katsi kuwa jibge a gefe yana ƙaryata zancen. A Kurmi kuma ko da wasa bai ambaci cewa an sayar da bayi a kasuwar nan ba har zuwa lokacin da Ingilishi suka ci Kano a 1903. Wanda ya ƙara wa tarihi gishiri da wanda ya rage masa ɗaci duk ha'inci suka yi. Baƙo zai tafi da ƙarya ƙasarsu, yaro kuwa zai girma da ita, ran da ya gano sai ya daina gaskata har abin da ke gaskiya.

Na uku, rashin ladabi. Mun ga an ɗora wa mutane waya ana ɗaukar hotonsu ba sallama ba izini, an leƙa zauren mutum kamar kango. Unguwannin nan gidajen mutane ne, akwai matan aure, akwai masu makoki, akwai masu salla. Mu da muka zauna gaban alaramma mun san ba a shiga wuri sai da sallama.

Wani zai ce mene ne na gaggawa? Ga shi. Rijiyoyi da yawa a karofin nan mun same su a bushe, waɗansu cike da shara, domin atamfar kanti da rinin kwalba sun fi araha. Ganuwar da Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095–1134) ya fara, ruwa ya ci wani sashi, an ɗebi ƙasar wani, an yi gini bisa wani. A 2007 aka sa ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta karɓa a kayan tarihin duniya, amma a 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa hanya, aka gina sabuwa. Takarda ba ta tsare gini. Abin da ke tsare shi mutanen da suka san darajarsa ne, waɗannan mutane kuwa su ne yaran da za a ba mu bana ko baɗi. Yaron da ya tsaya bakin rijiya ya ga kore ya zama shuɗi, in ya girma ya zama injiniya ko kansila, zai yi tunani sau biyu kafin ya sa hannu a cike ta.

Mun san abin da waɗansunku za su ce: lokaci ya yi kaɗan, ga jarrabawa, iyaye kuma za su ce malam ya kai yara yawon banza. Amsarmu ita ce safiya guda a zango ta isa, cikinta kuwa an yi tarihi, an yi labarin ƙasa, an yi kimiyya, an sami abin rubuta insha'i. Iyaye kuma in aka gaya musu tun da wuri, suka ga yaro ya komo yana tambayar kakansa sana'ar gidansu, bakinsu zai mutu. Wanda aka tura wani gari kada ya ce shi ba shi da Kurmi. Zariya na da masallacin Juma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya gina, Katsina na da hasumiyar Gobarau, ƙauye ma ba ya rasa maƙera ko masaƙa ko mai ginin tukwane.

Ga shawararmu ga wanda zai yi. Ya fara bin hanyar shi kaɗai, ya gai da mai unguwa ya nemi izini. Ya tuntuɓi masu sana'a, a yanke abin da za a ba su tun kafin ranar, a ba su hannu da hannu. Kada yara su fi ashirin, a fita da sanyin safiya, a komo kafin rana ta take. A bar mai sana'a ya yi bayanin aikinsa da bakinsa, jagora ya tsaya ga nuna hanya. Abin da aka tabbatar a ce an tabbatar, abin da a ke faɗa kawai a ce "an ce". Kowane yaro ya riƙe littafi da fensir, ya zana abu guda, ya rubuta sababbin kalmomi biyar da ya ji.

Muna roƙon shugaban kwaleji da malamanmu su sa wannan cikin koyon aikin koyarwa, kowane ɗalibi ya jagoranci zagaye guda kafin ya fita, a duba shi kamar yadda a ke duba darasin aji. Mu biyar ɗin nan a shirye mu ke mu fara. Wanda ke da wani ra'ayi dabam kuwa, shafin nan na kowa ne, ya rubuto mu ƙaru. Allah ya sa mu riƙe amanar abin da aka bar mana, amin.