Bututu Ba Ya Zaɓen Abin Da Zai Bi Ta Cikinsa

Idan aka ce ɗalibanmu su lissafta manyan abubuwan da kimiyya ta kawo wa duniya, za mu ji an ambaci jirgin sama, da kwamfuta, da wayar hannu. Da wuya wani ya ɗaga hannu ya ce bututu. Amma bari mu duba kewaye da mu. Ruwan famfo ta bututu yake zuwa. Gas ɗin girki ta tiyo yake bi. Fitilar dogon ƙwai da ke ajinmu bututun gilashi ce. Ko jikinmu ma haka aka shirya shi: maƙogwaro, da hanji, da jijiyoyin jini, duk hanyoyi ne masu rami a ciki. Ra'ayinmu shi ne, bai kamata ɗalibi ya gama makarantar nan bai san yadda ake kula da waɗannan ƙananan hanyoyi ba. Gama bututu ba ya zaɓen abin da zai bi ta cikinsa. Yadda yake kai magani, haka yake kai cuta.

Mu fara da ɗakin gwaje-gwaje. A shekarar 1643 wani masani a Italiya mai suna Torricelli ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kifa shi cikin kwanon zaiba, sai ya ga ta sauka ta tsaya a tsawon kimanin santimita 76. Da haka aka gane cewa iskar da ba ma gani tana da nauyi. A 1816 likita Laennec na Faransa ya naɗe takarda ya ɗora a ƙirjin maras lafiya, ya ji bugun zuciya sarai. Asalin abin da likitoci ke ratayawa a wuya ke nan. A 1895 kuma Röntgen na Jamus yana gwaji da bututun gilashi da aka zuƙe wa iska, ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Kayan aikin mutanen nan ba su taka kara sun karya ba. Lura da natsuwa su ne jarinsu.

A asibiti ne bututu ya fi nuna darajarsa. A 1832, sa'ad da kwalara ke kashe mutane a Sikotlan, likita Thomas Latta ya zuba ruwan gishiri cikin jijiyar masu cutar, waɗansu da aka riga aka fid da rai gare su suka farfaɗo. Wannan shi ne mafarin abin da muke kira ƙarin ruwa. A yau bakwainin da ba ya iya tsotso ana ba shi nono ta siririyar roba daga hanci zuwa ciki. Mai fama da numfashi ana ba shi iska ta tiyo. Dattijon da fitsari ya tsaya masa, robar fitsari ce ke kawo masa sauƙi. Matar da ta zubar da jini wurin haihuwa, ta bututu ake mayar mata.

Sai dai akwai wata ɗabi'a da ta shige mu, wadda ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Da yawa cikinmu muna ganin ba a yi mana magani ba sai an rataya mana ledar ruwa. Ɗan zazzaɓi ko gajiya, sai a nufi kemis a ce a sa ruwa, a kwanta a benci a bayan kanti. Mun manta cewa allurar nan ƙofa ce da aka buɗe kai tsaye zuwa cikin jini. Idan ba sabuwa ba ce, ciwon hanta ko ƙanjamau na iya bi ta nan. Idan kuma ruwan ya yi yawa ko ya yi sauri ga ƙaramin yaro ko mai ciwon zuciya, yakan taru a huhu ya hana numfashi. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Akwai darasi daga Indiya. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Bangaon, ruwan ƙari kuwa ya ƙare. Likita Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa ba marasa lafiya ruwan gishiri da sukari ta baki. Masu mutuwa suka ragu daga kimanin 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da 4. Ashe ga mai gudawa da ke iya sha, maƙogwaronsa ya fi kowace roba. Idan babu ƙunshin da ake sayarwa, ana zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, cikin lita 1 na ruwa mai tsabta. Amma wanda ya kasa sha, ko yake amayar da kome, ko jikinsa ya saki, a garzaya da shi asibiti. Shi ne mai bukatar ƙarin ruwa, a hannun waɗanda suka koyi aikin.

Iyayenmu suna tune da kurkunu. A ƙidayar 1988 zuwa 1989 an sami fiye da mutum 650,000 masu ɗauke da ita a Nijeriya. Cikin makaman da aka yaƙe ta da su a Afirka, ban da ƙyallen tace ruwa, akwai ɗan bututu mai matata a baki ɗaya, wanda manomi ko makiyayi ke ratayawa a wuya, ya zuƙi ruwan tafki ta ciki. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da cutar. Ɗan abu ne mai araha, amma an haɗa shi da koyarwa, shi ya sa ya yi aiki.

Yanzu mu dawo gida. A unguwanninmu sau nawa muke ganin bututun famfo kwance cikin kwata, an ɗaure inda ya fashe da tsumman robar taya? Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, waje yake tsiyaya. Da zarar an ɗauke ruwa, sai ƙazantar kwata ta shiga ta wannan tsaga, gobe mu tara a tulu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Haka tiyon gas. Yana tsufa, yana tsattsagewa, ɓera ma yakan ci. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, saboda haka ƙasa yake taruwa a ɗaki yana jiran ashana. Ana gwada yoyo da ruwan sabulu: inda kumfa ta taso, nan ne. Idan an ji warinsa, a rufe kan tukunya, a buɗe tagogi, kada a taɓa makunnin wuta. Samarinmu kuma da ke zuƙo fetur daga tanki da baki ta tiyo, su sani ɗan kaɗan idan ya sarƙe su ya shiga huhu ya isa ya kwantar da su. Dogon ƙwai da ya mutu yana da zaiba a ciki, ba abin wasan yara ba ne.

Wani zai ce wannan aikin masu gyaran famfo ne da nas-nas, mu kuwa likitoci da injiniyoyi muke so mu zama. Muna fatan haka. Amma likita mafi ƙwarewa yana dogara ne ga wanda ya tsabtace kayan aiki, da wanda ya haɗa bututun ruwan asibitin. Raina aikin hannu ne ya sa famfunanmu ke yoyo shekara da shekaru ba mai ko in kula.

Saboda haka muna ba hukumar makaranta shawara, kowane zangon karatu a keɓe rana ɗaya ƙungiyar kimiyya ta zaga da ɗalibai, a duba famfunan ɗakunan kwana da tiyon ɗakin girki, a koya wa kowa haɗa ruwan gishiri da sukari da hannunsa. Ƙungiyoyin mata da na matasa ma za su iya yin haka a unguwanninsu. Ku kuma da kuke barinmu bana, ku tafi da wannan ilimi gida. Wataƙila kafin takardar shaidarku ta samo muku aiki, sanin nan ya riga ya ceci ƙani ko maƙwabci. Rigakafi ya fi magani.