Jama'ar Fadamar Rima, Ku Tashi Mu San Halin Da Ruwanmu Yake Ciki

Ya ku mutanen Gwadangaji, Birnin Kebbi da Argungu, masunta da manoman shinkafa. Fadamar da ta ciyar da kakanninmu tana sauya kama, mu kuwa mun naɗe hannu muna kallo.

Kowane dattijon masunci ya san kifi ruwa yake bi. Idan kogi ya cika da damina ya malala cikin fadama, tarwaɗa da karfasa da bargi sai su shige ciyawa su zuba ƙwai, 'ya'yan su yi ƙwari kafin ruwa ya janye. To tun da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo ta biyo baya a 1984, cikar kogi ta daina zama a hannun damina ita kaɗai. Wani Bature mai bincike, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori a farkon shekarun 1980, ya rubuta yadda noman shinkafa da kamun kifi suka ja baya. Shekara arba'in ke nan da ɗoriya. 'Ya'yanmu ne ya kamata su ɗora daga nan, a kan namu yankin kogin.

Ga kuma tsuntsun nan jan baki. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, noman rani ya bunƙasa, tsuntsun ya samu abinci rani da damina. Jirgi ya zo ya yi masa feshi, mu yi murna. Amma ina gubar take sauka? Me take yi wa kwaɗi da balbela da kifin da za mu ci gobe? Wannan ba a gane shi da hira a bakin kasuwa, sai an auna, an ƙirga, an rubuta.

Malaman Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da na jami'ar jiha da ke Aliero, ku turo ɗalibai fadama, su tattare wando su shiga laka. Ku kuma masunta, idan sun zo kada ku ɓoye musu komai, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku faɗa musu kifin da ya ɓace, da wanda ya ƙanƙance, da watan da ruwa yake zuwa yanzu.

Kafin su iso, akwai aikin da yake namu. Sarkin Ruwa yana hana su a Matan Fada har ranar bikin kamun kifi na Argungu, shi ya sa ake fito da giwan ruwa duniya ta zo kallo. Hutun nan kowane tafki yana buƙatarsa. Mai zuba gubar gamalin a ruwa, da mai tace 'ya'yan kifi da gidan sauro, ku kai ƙararsa wurin mai gari, ko da ɗan'uwanku ne.