Furen Da Bai Fi Ƙwayar Gero Ba, Da Masu Tseren Raɗa Masa Suna

A wannan mako filin namu zai ɗan huta da maganar kasuwa da ta siyasa, mu hau dutse. Dutsen kuwa ba na kusa ba ne, yana can Amurka ta Kudu, a ƙasar Ekwado, inda jerin duwatsun Andis suka fuskanci kurmin Amazon.

A ƙarshen shekarar 2009 labari ya bazu cewa wani Ba'amurke mai binciken tsirrai da ke zaune a ƙasar, mai suna Lou Jost, ya gamu da wani abin mamaki. Ya ɗauko wani tsiro ne daga gandun dajin Cerro Candelaria ya kai gida yana reno, don ya ga irin furen da zai yi. Bayan 'yan watanni sai ya lura ashe akwai wani ɗan mitsitsin tsiro da ya maƙale a cikin saiwoyin wancan, ya biyo shi tun daga daji ba da saninsa ba. Da ɗan baƙon ya yi fure aka auna, sai aka tarar faɗinsa duka milimita 2.1 ne, watau bai fi ƙwayar gero ba. Fatar furen kuwa tsabar sirantarta har ana hangen abin da ke bayanta, domin kaurinta na ƙwayar halitta ɗaya ne tak. Ga shi dai cikakken fure ne, babu abin da manyan furanni suke da shi wanda ya rasa. An gane ɗan zuri'ar da masana ke kira Platystele ne, daga cikin babban dangin nan na okid.

To, mene ne okid? Dangin tsirrai ne mai yawan gaske, wanda aka san kimanin iri 28,000 daga cikinsa, har ma shi da dangin furen rana ne ke takarar yawa a cikin dukkan tsirrai masu fure. Duk wanda ya taɓa shan askirim ko ya ci kek mai ƙanshin banila na asali, to, ya ɗanɗani okid ko da bai sani ba, gama daga kwafson 'ya'yan wani irinsa ake samun ƙanshin nan. Da yawansu ba sa tsirowa a ƙasa, a jikin itatuwa suke zama. Mai karatu zai ce ai kauci ke nan. A'a, akwai bambanci. Kauci yana huda reshe ya sha ruwan jikin itacen da ya hau, shi kuwa okid masauki kurum ya nema. Saiwarsa tana manne da ɓawo, tana tsotsar raɓa da ruwan sama da ɗan ruɓaɓɓen ganyen da ya taru, ba ya cin ko ƙwayar abincin mai gida.

Wannan hali nasa shi ya sa babu inda ya fi jin daɗi kamar abin da za mu kira kurmin gajimare. Iska mai ɗumi takan taso daga kwarin Amazon ɗauke da laima, in ta iske dutse sai ta hau, tana hawa tana yin sanyi, har laimar ta zama gajimare ya kwanta a kan daji. A tsakanin mita 1,500 zuwa 3,000 bisa teku, mutum zai yini a cikin farin hazo mai jiƙa riga ko ba a yi ruwa ba. Kowane reshe a lulluɓe yake da gansakuka kamar an yafa masa bargo, a cikin wannan bargo ne 'yan ƙananan okid ɗin suke ɓuya. Ekwado, wadda ba ta kai sulusin Nijeriya girma ba, tana da okid fiye da iri 4,000, haka ma maƙwabciyarta Kolombiya.

Abin da ya fi ɗaure wa masana kai shi ne yadda kowane tudu yake da nasa. Tsiron da ya saba da sanyin ƙololuwa ba zai iya gangarowa kwari mai zafi ya ƙetare zuwa tudun da ke kallonsa ba, saboda haka kowace ƙololuwa ta zama tamkar tsibiri. Ga misali. Kafin shekarar 2000, iri shida kacal aka sani a duniya daga wata zuri'a mai suna Teagueia. Shi dai Jost ɗin nan ya hau wani dutse kusa da garin Banyos ya tarar da sababbi har huɗu a ɗan fili guda cikin gansakuka. Da shi da ɗalibansa suka ci gaba da hawan duwatsun da ke kewaye da kogin Pastaza, sai adadin sababbin ya kai wajen talatin, waɗanda ke arewacin kogin kuma daban suke da na kudancinsa. Garin Banyos fa ba lungu ba ne, masu yawon buɗe ido suna ta zirga-zirga a cikinsa, masana tsirrai kuma sun fi shekara ɗari suna ratsa kwarin. Abin da ya hana su gani shi ne babu mai hawa can sama, wanda ya hau kuwa ba ya durƙusawa.

Ganin sabon tsiro wani abu ne, tabbatar da shi kuma wani abu ne daban, nan ne aikin yake. Ba ya yiwuwa mutum ya fito daga daji ya ce ya gano sabon iri a yarda da shi. Sai ya busar da samfuri guda ya manna shi a takarda ya ajiye a ma'ajiyar busassun tsirrai, inda kowane mai shakka zai iya zuwa ya duba. Furen kuwa, tun da in ya bushe ba ya barin abin kallo, sai a tsoma shi cikin ruwan sinadari a 'yar kwalba. Sa'an nan a sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma a feɗe shi da tsinin allura, a auna kowace gaɓa, a zana ta. Bayan haka a gwada shi da dukkan 'yan'uwansa da aka riga aka sani, domin sau da yawa abin da mutum ya ɗauka sabo ne, ashe wani ya rigaye shi da shekara tamanin. In ya tsallake wannan, sai a rubuta siffarsa a buga a mujallar masana, tare da suna mai kalma biyu. Daga 1935 har ƙarshen 2011 dole ne a rubuta siffar da harshen Latin. Tun 1 ga Janairun 2012 aka yarda da Ingilishi ma. A yanzu akan ƙara da binciken ƙwayoyin gado don a san dangantakarsa da sauran.

Ba a maganar wannan aiki ba a ambaci Dokta Carlyle Luer ba. Likitan fiɗa ne a jihar Fulorida ta Amurka, wanda ya ajiye wuƙar tiyata a 1975 ya koma feɗe furanni. Kafin rasuwarsa a 2019, yana da shekara 97, ya siffanta sababbin iri fiye da 3,000, galibinsu daga reshen nan na ƙananan okid da ake kira Pleurothallidinae, wanda shi kaɗai ya haura iri 5,000. Da hannunsa yake zana su. Ni dai ina ganin hannun da ya saba ɗinke jijiyar mutum ne kaɗai zai yi haƙurin raba furen da bai kai ƙwayar riɗi ba gida-gida har sau dubbai. Shi ne kuma a 1978 ya raɗa wa wata zuri'a suna Dracula, wadda furenta ke kwaikwayon siffa da warin naman kaza don ya yaudari ƙananan ƙudaje.

Da ma yaudara ita ce sana'ar wannan dangi. Akwai wata zuri'a, Lepanthes, mai iri fiye da dubu, wadda aka daɗe ana mamakin abin da ke yi mata barbara, tun da ba ta da zumar da za ta ba ƙwaro lada. Sai a 2005 wasu masana biyu, Mario Blanco da Gabriel Barboza, suka bayyana abin da suka gani a kurmin Monteverde na ƙasar Kosta Rika. Wani ɗan ƙwaro ne mai kama da sauro, namijin, yake sauka a kan furen yana zaton tamatarsa ce. Kafin ya farga ya tashi, furen ya manna masa ƙunshin garin barbara a jiki, shi kuwa gogan bai yi hankali ba, sai ya faɗa wa fure na gaba ya sauke kayan. Allah mai iko! Irinsu kuma kamar ƙura yake, babu guzurin abinci a cikinsa irin wanda ƙwayar dawa take da shi. Ba zai tsiro ba sai ya faɗa inda wata irin funfuna take, ta shige shi ta ciyar da shi har ya yi ganye. Ke nan ɗan tsiron nan rayuwarsa ta rataya ga itace, da gajimare, da ƙwaro, da funfuna. In ɗaya ya kau, shi ma ya tafi.

Wani abokin aikina ya leƙo takardata ya ce, ana fama da tsadar abinci kai kana zancen furen da ba a gani sai da tabarau? Tambayarsa tana kan hanya. Amsata ita ce, hukuma ba ta iya kare abin da ba shi da suna. Ba a sa shi cikin jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ba a kai ƙara kotu dominsa, ba a hana katafila shiga saboda shi. Masanan lambun Kew na Ingila, waɗanda suka ce ana raɗa wa sababbin tsirrai kimanin 2,000 suna a kowace shekara, sun ƙiyasta a rahotonsu na 2023 cewa uku daga cikin huɗu na waɗanda ba a kai ga siffantawa ba suna cikin haɗari tun yanzu. Dajin da okid ɗin yake ciki kuwa shi ne yake tatsar ruwa daga gajimare ya zuba wa rafukan da mutanen gindin dutse suke sha. A ƙarshen 2021 Kotun Tsarin Mulki ta Ekwado ta soke izinin haƙar ma'adinai a gandun dajin Los Cedros, bisa dogaro da tsarin mulkin 2008 wanda ya ba halitta haƙƙi nata na kanta. Hujjar da aka gabatar mata har da jerin halittun da masana suka shekara suna ƙirgawa a dajin, okid na cikinsu.

Amma fa suna ma yana da nasa sharrin. Akwai attajiran da ke tara okid kamar yadda wasu ke tara dawaki, da zarar an buga labarin sabon iri sai 'yan sumoga su bazama. A Biyetnam an siffanta wani iri a 2010, cikin 'yan watanni aka kusa tumɓuke shi kaf daga dutsen da yake. Duk da yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ta sa dukkan okid ƙarƙashin dokar fatauci tsakanin ƙasashe, abin bai tsaya ba. Shi ya sa yanzu masana da yawa sukan ɓoye takamaiman wurin da suka samo tsiro. Wasu kuma sun mai da sunan kansa abin neman kuɗi: ɗaya daga cikin Teagueia ɗin nan sunan wani kamfanin kofi aka ba shi, saboda kamfanin ya taimaka da kuɗin sayen dajin don a killace shi. Da farko abin bai kwanta mini ba, na ga kamar an sayar da haƙƙin manoman da suka san dutsen tun kaka da kakanni. Amma da na tuna dajin yana nan tsaye, sai na sassauta.

Ya kamata kuma mu yi hattara da gaggawar yanke hukunci. A 1991 masana biyu, Calaway Dodson da Alwyn Gentry, suka ba da labarin wani tudu mai suna Centinela a yammacin Ekwado, wanda aka sare aka mai da gonaki, suka ce kimanin iri 90 na tsirrai da babu su a ko'ina sun tafi tare da shi. Labarin ya shiga littattafai, har aka raɗa wa wani fure mai ruwan lemo suna extinctus, watau ɓatacce. A 2021 sai ga ɓataccen an same shi da ransa a ɗan ragowar kurmin, binciken da aka buga a 2024 kuma ya nuna kusan dukkan sauran suna nan a wasu wurare, in ban da guda ɗaya, wanda shi ma okid ne. Wannan bai wanke masu saran dajin ba, ya dai nuna ƙarancin masu dubawa.

Mu ma nan gida muna da irin wannan daji, ko da yake ɗan kaɗan ne. A kan tsaunin Mambila a jihar Taraba akwai kurmin Ngel Nyaki, akwai kuma na gefen Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya da mita 2,419, ga na tsaunin Obudu, dukkansu ci gaban duwatsun Kamaru ne inda masana suke ta samun sababbin tsirrai har yau. Gajimare yana kwanciya a kansu, okid yana manne a rassansu, gobarar daji ta rani kuma tana cin gefensu kowace shekara. Muna da ma'ajiyar busassun tsirrai a Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, jami'o'inmu kuma suna yaye ɗaliban ilmin tsirrai. Kayan fara aikin ba su da yawa: ɗan madubin hannu mai ƙara girma sau goma, da littafin rubutu, da tsofaffin jaridu na matse samfuri, da izinin hukumar gandun daji. Masu wannan sana'a a Andis sukan fita ne bayan an yi iska mai ƙarfi, su bi rassan da suka karye suka faɗo, gama ta haka ne abin da ke can ƙololuwar itace yake saukowa inda ido zai kai gare shi.