FILIN KIWON LAFIYA: Daga Ciwon Maƙogwaro Zuwa Gazawar Zuciya

A wannan mako za mu yi magana ne a kan gazawar zuciya, watau halin da zuciya kan shiga ta kasa harba jinin da zai wadaci jiki. Mai wannan ciwo yakan yi haki ko da ɗan taki kaɗan ya yi, ƙafafunsa su kumbura, in ya kwanta numfashi ya gagare shi sai an tokare shi da matasan kai. Akasari akan ɗora laifin a kan hawan jini, kuma lalle yana da hannu babba. Amma akwai wani mai laifin da ba a cika ambatonsa ba, shi ne dakarun da Allah ya ajiye a jikinmu don su tsare mu.

Dakarun nan su ne fararen ƙwayoyin jini. In cuta ta shiga jiki, ko wani wuri ya ji rauni, sai su yi wa wurin ca, ya yi zafi ya kumbura. Wannan kumburi alheri ne muddin yaƙin ya ƙare da wuri. In kuwa ya ƙi ƙarewa, sinadaran da suke fesawa sai su raunana naman zuciya, tabo ya maye gurbinsa, alhali shi tabo ba ya iya harba jini. A cikin 1990 wasu likitocin Amurka suka bayyana cewa ɗaya daga sinadaran nan, mai suna TNF, yana da yawa a jinin masu gazawar zuciya mai tsanani.

Misalin da ya fi shafarmu shi ne ciwon maƙogwaro na yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Akwai wata ƙwayar cuta, istireftokokas, wadda rigarta ta yi kama da naman zuciya. Dakarun jiki sukan yaƙe ta, amma a jikin wasu yaran sai su kasa bambance abokin gaba da ɗan gida. Bayan mako 2 ko 3 sai zazzaɓi ya taso, gaɓoɓi su kumbura, yau gwiwa gobe idon sawu. Gaɓoɓin sukan warke, amma ɓarnar tana can cikin ƙirji. Tun 1904 wani likitan Jamus, Ludwig Aschoff, ya gano ƙananan ƙulle-ƙulle na ƙwayoyin nan a naman zuciyar masu wannan zazzaɓi. Hausawa dai sun ce da ɗan gari kan ci gari.

Inda ɓarnar ta fi tsanani shi ne ƙyauren da ke tsakanin ɗakuna 2 na hagun zuciya. Duk lokacin da zazzaɓin ya dawo, ƙyauren sai ya ƙara ƙandarewa, ya kasa buɗuwa sosai ko ya kasa rufuwa, jini ya riƙa taruwa a huhu. Yarinya tana iya girma ba a san kome ba, sai ta sami juna biyu, jini ya ƙaru a jikinta, sannan zuciyar ta gaza. Wannan ciwo yana kashe mutum fiye da 300,000 duk shekara a duniya, galibi a ƙasashe matalauta, shi ya sa babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa a 2018.

An gwada magungunan toshe TNF ga masu gazawar zuciya a farkon shekarun 2000, ba su yi amfani ba. Ƙyauren da ya lalace ƙwarai kuwa sai tiyata, ga tsada. Ashe ke nan rigakafi ya fi magani.

Saboda haka, iyaye, in yaro ya yi ciwon maƙogwaro da zazzaɓi da kaluluwar wuya, musamman in babu tari ko mura, a kai shi asibiti, kada a nufi wanzami da shi a cire beli. In likita ya ga alamar ƙwayar nan, allurar fenisilin guda ko ƙwayoyi na kwana 10 sun isa, amma a shanye su duka. Wanda kuwa ya taɓa yin zazzaɓin gaɓoɓi, akan yi masa allura duk mako 3 ko 4 har shekaru, kada a yi fashi don an ga ya sami sauƙi.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Sai mako mai zuwa.