Ya faɗi a banɗaki

A cikin birnin Kano, in aka ce dattijo ya kwanta da shanyewar ɓarin jiki, kafin ka tambayi yadda aka yi an riga an ba ka amsa: ai faɗuwa ya yi a banɗaki. Daga nan sai a yi ƙasa da murya, don kowa ya san su wa ake cewa suna zama a can. Wani ya ce bai yi addu'ar shiga ba, wata ta ce ruwan zafi ya zubar ba bismillah. In kuwa mai rumfa ne a Kurmi ko Kantin Kwari, zancen jifa ba ya nisa.

Ni a ganina mun ɗauko labarin ta ƙarshensa. Galibi ba faɗuwar ce ta shanye jikin ba, shanyewar ce ta kayar da mutumin. Abin ya faru a cikin kansa yana tsaye ko yana tsugune, ƙafa ta daina karɓar umarni, sannan aka ji ƙarar buta.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Ba ta ajiya, abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. Daga gindinta laka ta sauko ta cikin ƙashin baya, ta fitar da jijiyoyi tagwaye 31 zuwa hannu, ƙirji, ciki da ƙafa. Ta nan saƙo ke hawa da sauka: zafin garwashi ya hau, umarnin ɗaga cokali ya sauko. Idan jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a wani sashe na ƙwaƙwalwa, gaɓar da sashen ke juyawa sai ta tsaya, alhali ita lafiyarta ƙalau. Taransfoma ce ta ƙone a bakin titi, mu kuma muna cikin ɗaki muna canja ƙwan fitila. Abin da muke yi ke nan duk lokacin da muka zauna muna murza hannun da man zaitun da habbatus-sauda.

Akwai abin da masu jinya suka sha gani da idonsu. Wanda ɓarin damansa ya shanye, sau da yawa har magana yake rasawa, wanda na hagu ne kuwa bakinsa kan tsira. Dalili shi ne hanyoyin saƙon motsi suna gittawa a gindin ƙwaƙwalwa, hagu ke tuƙa dama, dama ke tuƙa hagu, kuma a yawancin mutane cibiyar magana tana hagu. Wani likita a Faransa, Paul Broca, ya nuna wurin tun 1861, bayan ya binciki ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya shekara da shekaru ba ya iya furta komai sai gaɓar kalma guda. Ciwon da ke bin tsari haka a Paris da Yakasai ya cancanci a nemi asalinsa a cikin kai.

Ba ina hana addu'a ba, wane ni. A yi ta, amma a cikin adaidaita sahu, ana kan hanya. Abin da nake roƙo a bari shi ne ɗura. Haɗiya ma aikin jijiya ce, kuma tana yawan lalacewa a wannan ciwo. Sai ka ga an tallafo kan Baba, ruwan tofi ko rubutu na dalala ta gefen bakin da ya karkace, yana tari, ana cewa maganin ne ke aiki. Wani ɓangaren ruwan huhu ya tafi, kuma ciwon huhun da ke biyo baya yana kashe mutanen da shanyewar kanta ta ƙyale. Haka nan asfirin ɗin kemis: in jijiya ce ta fashe, ƙara zubar jinin zai yi. Hoton kai na CT ne ke raba toshewa da fashewa, ba duban ido ba.

Lokaci kuwa ba ya jira. An ƙiyasta cewa a babbar toshewa ƙwayoyin jijiya kusan miliyan 2 ke mutuwa kowane minti, kuma allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, amfaninta cikin awa huɗu da rabi na farko ne. Ga lungunanmu na Sheshe, Mandawari ko Jakara, inda mota ba ta shiga, sai an ciccibo mutum zuwa titi. Asibitin Murtala na nan Ƙofar Mata, na Malam Aminu Kano na kan titin Zariya, ba nisa ba ne matsalar. Matsalar ita ce jiran babban wa ya dawo daga kasuwa, jiran a kira malam, jiran gari ya waye. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe: a duba agogo, a riƙe lokacin don likita zai tambaya, a fita.

Binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da Kano, wanda sakamakonsa ya fito a 2018, ya nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo. Mun san halinmu da shi. Ana sha wata biyu, a ji garau, a ajiye magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya, mu kuwa ga dunƙulen magi a miya, ga yaji a gefe, ga tsire da dare.

Na'urar awon jini ba ta fi ƙarfin kwamitin masallacin unguwa ba, kuma da wuya ka rasa ɗa ko 'yar unguwa da ta karanci aikin jinya. Mai unguwa da liman su tsayar da rana ɗaya a mako, maza a zaure bayan la'asar, mata a cikin gida ko a Islamiyya. Duk wanda awonsa ya kai 140 bisa 90, aka maimaita wata rana bai sauka ba, a rubuta masa lambar a takarda ya kai asibiti.